Majigi ya ƙi nuna hoto: Yadda ake haɗa shi da kwamfuta, da inda matsala ta fi ɓuya

A wani taron horar da ma'aikata da na halarta a Jalingo, babban birnin Jihar Taraba, ƙarfe tara na safe aka sa za a fara, amma sai da goma ta gota kafin malami ya buɗe baki. Malamin bai makara ba, mahalarta sun cika zaure, janareta kuma na ta ruri a waje yana shan man da aka saya da tsada. Abin da ya tsayar da kowa shi ne wani shuɗin haske a jikin bango, ɗauke da kalmomin Turanci biyu, "No Signal". Mutum huɗu suka yi ta zare waya suna mayarwa, aka kashe kwamfuta aka kunna har sau biyu, har aka fara shawarar a aika cikin gari a yi hayar wata na'urar. Daga ƙarshe wani matashi ya karɓi rimot, ya danna madanni guda, hoto ya fito. Ashe wayar tana cikin kafa ta biyu ne, na'urar kuma tana jiran saƙo daga ta farko.

Irin wannan ba baƙon abu ba ne a garin da tarurruka da makarantu suka yi yawa. Jalingo ce mazaunin Jami'ar Jihar Taraba, wadda aka kafa a 2008, kuma a nan Cibiyar Lafiya ta Tarayya take, ga ma'aikatun gwamnati, ga ƙungiyoyin agaji da ke shirya bita kusan kowane mako. Ga mai shirya taro, sa'a guda da ta salwanta kuɗi ne. Ga ɗalibin shekarar ƙarshe da aka ba mintoci ƙalilan ya kare kundin bincikensa a gaban malamai, abin ya wuce kuɗi, domin rabin lokacinsa na iya ƙarewa yana durƙushe a gindin teburi yana laluben waya, ya miƙe gumi ya jiƙa masa riga, abin da ya haddace kuma ya watse.

Na'urar da ake wannan fama da ita tana da tsohon suna a Hausa. Kalmar majigi ta samo asali ne daga sunan da Turawa suka ba wata tsohuwar fitilar haska hotuna, kuma da ita aka san motocin da ke zagaya garuruwan Arewa tun zamanin mulkin mallaka, suna kafa farin ƙyalle a ƙofar fada ko dandali bayan magariba, suna nuna finafinan tsafta da noma. Matasan yau sun fi cewa furojekta. Aikin dai guda ne: fitila mai ƙarfi ta haska hoto ta cikin gilashi ya faɗa kan bango. Abin da ya sauya shi ne inda hoton ke fitowa, kuma a tsakanin kwamfuta da majigin ne yawancin rigimar take.

Wayoyi uku, zamani uku

Kafin a je zauren taro, ya kamata mutum ya duba gefen kwamfutarsa ta tafi-da-gidanka ya san irin kafar da take da ita. Mafi tsufa ita ce VGA, wadda kamfanin IBM ya fito da ita a 1987. Ana gane ta da shuɗin kai mai allurai 15 a jeri uku, da kusoshi biyu na murɗawa a gefe. Hoto kaɗai take ɗauka, ba ta ɗaukar sauti. A Disambar 2010 kamfanonin Intel da AMD, tare da wasu manyan masu ƙera kwamfuta, suka sanar da cewa za su yi sallama da ita zuwa 2015, shi ya sa da wuya a same ta a sabuwar kwamfuta. Sai dai majigi ba abu ne da ake sauyawa kowace shekara ba, kuma da yawa daga cikin waɗanda ke makarantunmu da ofisoshinmu na wancan zamanin ne.

Ta biyu ita ce HDMI, wadda aka fitar da ƙa'idarta ta farko a ƙarshen 2002. Ita ce siririyar kafar da aka saba gani a bayan talabijin da dikoda, tana ɗaukar hoto da sauti a waya guda. Ta uku, USB-C, ta zo a 2014, kuma ita ce ƙaramar kafa irin ta cajin wayoyin zamani. A nan akwai tarko. Ba kowace kafar USB-C ce ke fitar da hoto ba, wasu caji da kwafar fayil kawai suke yi. Wadda ke fitarwa galibi akan sa mata alamar walƙiya ko wani harafin D a gefenta, idan kuma babu alama sai a duba takardar kwamfutar. Wannan ne ma dalilin da ya sa wayoyin hannu da yawa, musamman masu araha, ba sa nuna komai ko an haɗa su da majigi.

Idan kwamfuta sabuwa ce majigi tsoho, dole a nemi adafta, kuma a nan ne mutane suka fi asarar kuɗi. Harshen da HDMI ke magana da shi dabam yake da na VGA, saboda haka sai da wani ɗan tafinta a tsakani, wato ƙaramin akwatin da ke jikin adaftar. Wayar da kawai aka liƙa wa kan HDMI a gefe guda da kan VGA a ɗaya gefen, ba tare da wannan akwati ba, ba za ta yi aiki a kwamfuta ta yau da kullum ba. Haka kuma tafintan hanya ɗaya ya sani. Wanda aka yi domin ya ɗauko daga HDMI ya kai VGA ba ya yin akasin haka, don haka a faɗa wa mai shago wace kafa ce a jikin kwamfuta, wacce ce a jikin majigi. Wasu adaftocin suna da ƙaramar kafa ta ƙarin wuta a gefe, kuma akwai kwamfutocin da ba za su iya tayar da su ba sai an ba su wannan wutar.

Tsarin haɗawa

A fara cire murfin gilashin majigi. Abin dariya ne, amma ya sha kunyata manya, kuma a wasu na'urorin Epson murfin na zamewa ne, idan bai buɗe duka ba hoto ba zai fito ba. Sai a haɗa wayar hoto, a tabbata ta shige har ƙarshe, a murɗa kusoshin idan VGA ce. A kunna majigi a ba shi kamar minti guda fitilarsa ta kama, sannan a kunna kwamfuta ko a tashe ta. Hikimar wannan jeri ita ce, da zarar an haɗa su, majigi yakan gabatar da kansa ga kwamfuta ta cikin wayar, ya faɗa mata sunansa da girman hoton da yake iya ɗauka. Idan kwamfuta ba ta ji wannan gaisuwa ba, takan yi zaton ba kowa a ƙofa.

Daga nan sai a zaɓi kafar da ta dace, da madannin da aka rubuta wa "Source" ko "Input" a rimot ko a saman na'urar. A danna a jira daƙiƙa biyar ko fiye kafin a sake dannawa, domin mai gaggawa yakan tsallake kafar da ake nema kafin hoto ya daidaita. Wannan ne ya ci mana sa'a guda a taron da na ambata.

Idan har yanzu shiru, sai a koma kan kwamfuta. A tsarin Windows, tun daga Windows 7 na 2009, danna madannin da ke da tambarin Windows tare da harafin P yana fito da zaɓi huɗu. "PC screen only" na nufin hoto ya tsaya a kwamfuta kaɗai. "Duplicate" yana kwafar abin da ke kwamfuta ya sa a bango. "Extend" yana mayar da bango tamkar ƙarin fili a gefen fuskar kwamfuta. "Second screen only" kuma yana kashe fuskar kwamfuta ya bar bango. Ga wanda bai saba ba, na biyun ne mafi kwanciyar hankali. Tsofaffin kwamfutoci suna da nasu gajeren hanyar ta madannin Fn tare da ɗaya daga cikin madannan saman allo, wanda aka zana wa hoton talabijin: galibi F4 a HP, F8 a Dell, F7 a Lenovo. Masu MacBook kuma sai su shiga sashen "Displays" cikin saitin na'urar.

Zaɓi na uku shi ne ya fi rikita mutane. Mutum zai ga hoton bangon kwamfutarsa ya fito a majigi fes, amma babu takardar da ya buɗe, sai ya ɗauka na'ura ta lalace. Lafiyarta ƙalau, takardar ce ke wancan ɓangaren. Ana iya jawo ta da linzami zuwa gefe har ta ƙetara, ko a danna madannin Windows da Shift da kibiyar dama. Amfanin wannan zaɓi kuwa babba ne ga wanda ya iya shi, domin manhajar PowerPoint takan nuna wa mai jawabi bayanansa na sirri da agogo da shafi na gaba a kwamfuta, jama'a kuma su ga shafin da ake kai kawai. Wani lokaci takan juya su, bayanan sirri su hau bango, kuma akwai wurin musanya su a saman fuskar, ƙarƙashin "Display Settings".

Akwai gargaɗin da ya kamata a yi wa masu son "Duplicate". Duk abin da ya faɗo kan kwamfuta zai faɗo kan bango, har da saƙon WhatsApp daga gida da sanarwar imel. A rufe su kafin a haɗa waya. Na taɓa ganin zaure guda ya karanta cefanen da uwargida ta aiko wa mai gabatar da ƙasida, kuma daga nan ba wanda ya ƙara sauraron ƙasidar da zuciya ɗaya.

Karanta alamomin ciwo

Gyara yana sauƙi idan aka fara gano wanda ke da laifi a cikin ukun: majigi, waya, ko kwamfuta. Gwajin farko shi ne a danna "Menu" a jikin majigi. Idan jerin saitinsa ya fito a bango, to fitila da gilashi lafiya suke, a bar zarginsa. Sai a sauya waya, idan akwai wata. Sai a gwada wata kwamfutar. Abu ɗaya ake sauyawa a lokaci guda, in ba haka ba ko an dace ba za a san abin da ya gyaru ba, gobe kuma a sake komawa gidan jiya.

Launin hoto yakan tona asirin wayar VGA. Allurai uku na farko a jerin sama su ne ke ɗaukar ja da kore da shuɗi. Idan ta ja ta lanƙwashe ko ta karye, hoton zai koma shuɗi-shuɗi mai ɗan kore. Idan ta kore ce, ya koma ruwan hoda. Idan ta shuɗi ce, ya koma ruwan ɗorawa. A duba bakin wayar a cikin haske. Allurar da ta lanƙwashe ana iya miƙar da ita a hankali, wadda ta karye kuwa sai dai sabuwar waya. Idan kuma wasu layuka ne ke tafiya a hankali daga ƙasa zuwa sama, ko hoton na rawa, a gwada zare cajar kwamfuta. Idan ya lafa, to gurɓatacciyar wuta ce ke shiga ta cajar, abin da ake yawan gani idan ana kan janareta ko cajar ba ta asali ba ce. HDMI ba ta yin haka. Nata ciwon shi ne hoto ya riƙa ɗaukewa yana dawowa, ko ya yi ƙyalƙyalin fararen ɗigo, kuma hakan ya fi faruwa da doguwar waya mai araha, musamman wadda ta haura mita 10.

Saƙon "Out of Range" ko "Not Supported" yana nufin kwamfuta na aiko da hoton da ya fi ƙarfin majigi. Yawancin tsofaffin majigin aji an yi su ne a kan ɗigo 1024 a faɗi da 768 a tsaye, na bayansu 1280 da 800, alhali kwamfutocin yau sun fi zuwa da 1920 da 1080. A shiga saitin fuska a rage adadin zuwa wanda majigin ya sani, a bar saurin sabunta hoto a kan 60. A wannan shafin ne kuma ake samun madannin "Detect", wanda ke tilasta wa kwamfuta ta sake leƙa ƙofa. Idan ta kafe, danna Windows da Ctrl da Shift da B gaba ɗaya yana farfaɗo da manhajar da ke sarrafa hoto ba tare da an kashe kwamfuta ba. Fuskar za ta ƙifta, a ji ɗan ƙara, shi ke nan.

Bambancin siffa ma yana da nasa. Tsohon majigi ya kusa zama murabba'i, huɗu bisa uku, sabuwar kwamfuta kuma mai faɗi ce, 16 bisa 9, wanda PowerPoint ta mayar da shi tsarinta na asali tun daga fitowar 2013. Sakamakon shi ne baƙin fili a sama da ƙasa, ko fuskokin mutane su miƙe kamar an ja su. Baƙin filin ba illa ba ne, a bar shi.

Sauran ƙanana ne. Hoto dishi-dishi, a murza zoben da ke kewaye da gilashi. Hoton da samansa ya fi ƙasansa faɗi, na'urar ce ke kallon sama. Akwai madannin "Keystone" na gyara wannan, amma yana rage kaifin rubutu, don haka gara a ɗaga teburin ya fuskanci bango sosai. Hoto a kife yana nufin an taɓa rataye majigin a silin ba a mayar da saitin ba. Hoton da ya daskare ko ya yi baƙi ƙirin, a duba ko wani ya taɓa "Freeze" ko "A/V Mute" a rimot, ko mai jawabi ya danna harafin B, wanda ke baƙanta shafi a PowerPoint. Sauti kuwa, HDMI takan kwashe shi ta kai ƙaramar lasifikar majigi, sai a danna alamar lasifika a ƙasan fuskar kwamfuta a zaɓi inda ake so ya fita.

Wuta, zafi da ƙura

Littafin da ke zuwa cikin kwalin majigi bai san Jalingo ba. Taraba na ƙarƙashin kamfanin rarraba wutar lantarki na Yola, tare da Adamawa da Borno da Yobe, kuma wutar na biyo doguwar hanya kafin ta iso. A Afrilun 2024, lokacin da ɓarayi suka lalata turakun babban layin Jos zuwa Gombe, Jalingo na cikin garuruwan da suka shiga duhu. Ma'anar wannan ga mai majigi ita ce yawancin tarurruka a kan janareta ko inbata ake yin su, kuma ana iya sauya wuta a tsakiyar jawabi.

Ƙwan fitilar majigi na gargajiya yana aiki ne cikin tsananin zafi, shi ya sa fankarsa ke ci gaba da juyawa bayan an kashe shi. Zare filogi kafin fankar ta tsaya yana rage wa ƙwan kwana, musamman a tsofaffin na'urori. Idan wuta ta ɗauke ta dawo, majigin yakan ƙi kamawa nan take, yana ƙifta jan haske ko ruwan lemo. Ba lalacewa ya yi ba, jira yake ya huce, kuma danna madanni babu ƙaƙƙautawa ba zai gaggauta shi ba. Majigin aji yakan ja wuta kimanin wat 300, saboda haka ƙaramin janareta zai ɗauke shi, amma ba tare da firji ko dutsen guga a layi guda ba. Wanda ke da hali ya sa masa na'urar riƙe wuta ta UPS, ko ba komai ta ba shi mintocin hucewa. Ƙwan yakan yi sa'o'i dubbai kaɗan, ana iya ganin adadin da ya ci a cikin saitin na'urar, kuma sa shi a kan "Eco" yana tsawaita rayuwarsa. Akwai sinadarin makuri a cikinsa, kada a fasa shi ko a bar wa yara. Sababbin majigi masu hasken leza ko LED ba su da wannan ƙwai, kuma masu ƙera su sukan yi alƙawarin sa'o'i 20,000.

Majigin da ke aiki minti 20 ya mutu da kansa, zafi ne ya kashe shi. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin kwarin Binuwai ke kusantar digiri 40, zauren da ba shi da na'urar sanyaya ɗaki yana kaiwa iyakar abin da aka ƙera na'urar ta jure. Ƙurar hunturu kuma ta riga ta toshe ragar da ke tace iska tun daga Disamba. A zaro ragar a kakkaɓe, a matsar da na'urar daga bango, kada a ɗora ta kan kujera mai laushi ko a jingina mata littattafai a mafitar iska. Masu ɗaukar majigi zuwa Gembu su lura da wani abu: tsaunin Mambilla ya haura mita 1,500 daga doron teku, kuma daga wannan tsayi kamfanoni irin su Epson da BenQ ke ba da shawarar a kunna saitin "High Altitude", wanda ke ƙara wa fanka gudu. Garin na da sanyi, amma iskar can ba ta da kaurin da za ta kwashe zafi kamar ta ƙasa.

Akwai matsala guda da ta shafi masu rubutu da Hausa da Fulatanci kai tsaye. Mutum zai shirya shafukansa a gida, haruffan ɓ da ɗ da ƙ duk sun fito daidai, ya kai filash ya sa a kwamfutar zauren taro, sai ya ga ƙananan akwatuna a gurbinsu, ko sun fito da wata siffa dabam da ta sauran. Ba majigi ba ne, salon rubutun da ya zaɓa ne babu shi a waccan kwamfutar. Maganinsa a adana kwafi na biyu a matsayin PDF, wanda ke tafiya da haruffansa duk inda ya je. Kwafi na uku a matsayin hotunan JPEG ma yana da rana, domin majigi da yawa suna iya nuna hotuna kai tsaye daga filash ko babu kwamfuta.

Haɗawa ba tare da waya ba tana yiwuwa idan majigin ya san fasahar Miracast. A Windows, madannin Windows da harafin K ne ke nemo shi, kuma ba ya buƙatar data. Sai dai bidiyo yakan yi tsalle, haɗin kuma yakan yanke a zauren da wayoyi suka yi yawa, don haka a ra'ayina waya ta fi aminci a ranar da ba a son kuskure.

Wanda ba shi da damar gwada majigi kafin ranar yana iya gwada kwamfutarsa da adaftarsa a talabijin ɗin gida ta kafar HDMI. Idan hoto ya fito a can, ya san nasa ɓangaren lafiya yake. Abin da ya rage shi ne ya tambayi masu zauren irin kafar da majiginsu ke da ita, ya sa tasa wayar da batirin rimot guda biyu a jaka, ya cika cajin kwamfuta, ya kuma isa wurin da rabin sa'a kafin jama'a.